Dawakinmu na Sallah da yaran da aka bari a ɗaki

Duk wanda ya taɓa yin Sallah a Nima ya san darajar doki a wurinmu. An sauko daga Idi, an ci abinci, la'asar ta yi sanyi, titi ya cika maƙil, kalangu na tashi, ga sarakunan Zango da mutanensu bisa dawaki an sha ado. Yara na bin su da gudu, mata na guɗa, kowa ya ɗaga waya yana ɗaukar hoto. Kwana biyu ko uku an gama. Daga nan sai in bikin aure ya taso ko naɗin sarauta. Sauran kwanakin shekara dokin yana ɗaure a turke yana cin harawa da dusa, ko kuma yana bakin teku a Labadi ana biyan kuɗi ana hawa ana zagayawa.

A wannan rana da kowa ke waje, akwai yaran da ba su fito ba. Ba don an hana su kayan Sallah ba. Wani ba ya iya zama sai an tallafe shi, wani wuyansa ba ya tsayuwa, wata ba ta magana kuma hayaniya na firgita ta. Ƙidayar jama'a ta 2021 ta nuna kusan kashi 8 cikin ɗari na 'yan Ghana masu shekara biyar zuwa sama suna da wata matsala ta gani, ji, tafiya, tunani, magana ko kula da kai, wato sama da mutum miliyan 2. Zango ba a wajen Ghana yake ba. Namu suna nan cikin lungunan Nima da Maamobi, cikin ɗaki ɗaya da ake kwana mutum shida, kuma mun san gidajen. Muna dai kawar da kai ne.

Abin da nake so in kawo gaban iyayenmu sarakuna, da limamai, da 'yan majalisun unguwa shi ne a haɗa waɗannan biyun, dawakin da yaran. A wasu ƙasashe an fi shekara hamsin ana amfani da hawan doki wajen taimaka wa yara masu naƙasa da kuma samarin da ke gab da lalacewa. Mu da muka gaji doki kaka da kakanni, ban ga dalilin da zai sa mu tsaya kallo ba.

Na san wani zai yi dariya, don haka bari in faɗi inda abin ya samo asali. Akwai wata mata 'yar ƙasar Denmak mai suna Lis Hartel, gwanar hawan doki. A 1944 shan inna ya kama ta tana da shekara 23, ƙafafunta daga gwiwa zuwa ƙasa suka shanye. Ba ta bar doki ba. Sai an ɗaga ta an ɗora, in ta gama a sauke ta, amma a wasannin Olamfik na birnin Helsinki a 1952 ta zo ta biyu a gasar sarrafa doki, tana karawa da maza masu cikakkiyar lafiya, kuma ta sake cin wannan matsayi a 1956. Labarinta ya sa masu aikin gashin ƙashi a Turai suka fara duba abin da doki ke yi wa jikin mahayinsa. A 1969 aka kafa ƙungiyar hawan doki ta naƙasassu a Ingila, wadda ake kira RDA, kuma a wannan shekarar aka kafa irinta a Amurka. Kada a ce na Turawa ne kaɗai: a Afirka ta Kudu an kafa SARDA a birnin Cape Town tun 1973, yara masu naƙasa suna hawa kyauta.

To, me dokin yake yi? Idan doki yana tafiya a hankali, ba sukuwa ba, ba rawa ba, bayansa na motsawa gaba da baya, hagu da dama, yana kuma ɗan juyawa. Wannan motsi kusan irin wanda ƙugun mutum ke yi ne lokacin da yake tafiya da ƙafafunsa. Yaron da bai taɓa takawa ba, in aka zaunar da shi a bayan doki, jikinsa na samun wannan motsi a karon farko. Dokin yana yin taku kusan 100 a minti ɗaya, kuma a kowane taku dole naman cikin yaron da na bayansa da na wuyansa su yi aiki don kada ya karkace. Cikin rabin awa ya gyara zamansa sau dubu biyu zuwa uku ba tare da an ce masa "miƙe" ko sau ɗaya ba. Jikin doki kuma ya ɗan fi na mutum ɗumi, shi ya sa sau da yawa ba a sa sirdi, sai shimfiɗa mara kauri, don ɗumin ya sassauta cinyoyin da suka sandare. Duk uwar da ta taɓa kai ɗanta wurin masu gashin ƙashi ta san yadda ake fama, yaro na kuka, ita ma tana share hawaye. A kan doki shi yaron gani yake wasa ake yi.

Waɗanda suka fi amfana su ne masu lalurar nan da likitoci ke kira sarebral palsi, wadda mu muke yi wa laƙabi da "ɗan ruwa". Wannan suna ya cuci yara da yawa, wallahi. Ba aljani ba ne ya musanya jariri. Rauni ne ƙwaƙwalwa ta samu, galibi ta dalilin doguwar naƙuda da ta hana jariri iska, ko haihuwar bakwaini, ko shawarar da ta kama shi a makon farko ba a kai shi asibiti ba, ko sanƙarau, ko zazzaɓin cizon sauro da ya taɓa kai. Da yawansu hankalinsu lafiya lau, suna jin duk abin da ake faɗa a kansu. Masu bincike sun ga cewa hawan doki a kai a kai yana gyara musu zama da daidaiton jiki, yana rage sandarewar gaɓoɓi na wani lokaci. An kuma ga wasu yara masu otizim sun fi natsuwa da kula mutane bayan makonni suna hawa.

A nan ne nake so mu yi hattara, domin mun san halinmu. Da an ji abu yana taimako, gobe wani zai kafa allo ya rubuta cewa yana warkar da shanyewar jiki da doki, ya haɗa da rubutu da turare, ya tatse iyayen da dama sun gama sayar da zannuwansu wajen neman magani. Doki ba ya warkar da sarebral palsi, ba kuma ya warkar da otizim. Taimako ne da ake ƙarawa a kan aikin asibiti. Kuma ba kowane yaro ake ɗorawa ba. Mai farfaɗiyar da magani bai riƙe ta ba, ba ya hawa. Wanda ƙashin ƙugunsa ya goce, ko ƙashin bayansa ya karkace sosai, ba ya hawa. Yaro mai lalurar dawun sindirom sai likita ya duba ƙasusuwan wuyansa tukuna, domin wasunsu mahaɗar wuyan ba ta da ƙarfi, girgiza kaɗan na iya jawo abin da za a yi ta nadama. Wanda zai ce wannan ya hau, wannan kada ya hau, likita ne da mai gashin ƙashi, ba mai doki ba, ba kuma ni tica ba.

Sai batun dokin kansa, kuma a nan masu dawaki su yi haƙuri da ni. Dokin da ya fi burge mu ran Sallah shi ne wanda bai dace da wannan aiki ba ko kaɗan. Ingarma mai zafi, wanda aka koya wa tsayuwa da ƙafa biyu, aka saba masa da linzami mai kaifi da ƙaimi da bulala, wannan ko lafiyayyen yaro ba a ba shi. Wanda ake nema shi ne doki mai sanyin hali, ya ɗan manyanta, dandaƙaƙƙe ko goɗiya, wanda ko an yi ihu a kunnensa ko yaro ya damƙi gezarsa ba zai zabura ba. A ja shi da ragama, ba linzami ba. Kuma ya zama ƙosasshe mai lafiya. Dokin da haƙarƙarinsa ke waje, bayansa duk gyambon sirdi, tafiyarsa ba daidai take ba, kuma zalunci ne a ƙara masa aiki. Ashe ke nan sai da likitan dabbobi a cikin tafiyar.

Wani abu da ya ba ni sha'awa a tsarin shi ne yadda ake jera mutane. Kowane yaro ɗaya, akwai mai jan doki a gaba, akwai mutum biyu da ke tafiya a gefe, ɗaya a dama ɗaya a hagu, suna riƙe da cinyar yaron ko suna kusa da ita. Yaron yana sanye da hular kwano. Duk wanda ya kalli hawan Daushe ko hawan Nassarawa a Kano, ko a talabijin ne, zai gane wannan jeri. Zagage ne. Abin da zagi ke yi wa sarki, ya riƙe doki, ya tsare gefe, ya gyara likkafa, shi ne dai wannan aiki. Hawan Sallar Kano har Hukumar UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun duniya a watan Disambar 2024. Ilimin doki dai muna da shi tun tuni. Abin da ya rage shi ne wa za a yi wa zagin.

Su wa za su zama zagagen? Ga su nan a bes-bes suna dafa ataya tun hantsi. Ina nufin samarinmu da suka gama JHS ba su ci gaba ba, ko aka kore su, ba sana'a, ba mai tambayar inda suka kwana. Wasu sun faɗa tiramadol, wasu suna bakin faɗawa. Ba mu manta da abin da ya faru a watan Janairun 2022 ba, lokacin da ƙungiyoyin samari biyu suka far wa juna da makamai a tsakanin Nima da Maamobi, duk ƙasa ta kalli bidiyon, aka sake shafa wa unguwannin baƙin fenti. Wa'azi mun yi, kame an yi. Abin da ba mu cika gwadawa ba shi ne a ɗora wa saurayi nauyin wani abu mai rai.

Doki ba ya jin tsoron suna. Ko kai ne shugaban bes, in ka zo masa da fushi ko da maye a ka, zai juya maka baya ko ya harbe ka. Sai ka sassauta murya, ka zo kullum a kan lokaci, ka share barga, ka ɗebo ruwa, ka goge shi, sannan ya yarda da kai. Wannan shi ne dukan sirrin shirye-shiryen da ake yi wa samari da dawaki a ƙasashen waje. A Brixton, unguwar talakawa da baƙi a kudancin Landan wadda ita ma ta sha fama da ƙungiyoyin daba, an kafa Ebony Horse Club a 1996, kuma a 2011 suka buɗe bargarsu a tsakiyar unguwar, tsakanin layin dogo da dogayen benaye. A nan ne wata yarinya Musulma, Khadijah Mellah, ta koyi hawa. A watan Agustan 2019, tana da shekara 18, ta ci tseren Magnolia Cup a filin Goodwood, ta zama mace ta farko da ta ci tseren doki a Birtaniya sanye da hijabi. Na kawo ta ne saboda masu cewa doki na maza ne, da masu cewa a cunkoson gari ba a kiwon doki.

Ku duba yadda abin zai kasance a nan. Saurayin da unguwa ta yanke wa ƙauna, ranar Asabar da safe shi ne ke riƙe da ƙafar yaron wata baiwar Allah, uwar na tsaye tana yi masa addu'a. Ban ce wannan zai raba kowa da ƙwaya ba. Wanda ya yi nisa asibiti yake buƙata, kuma ba za a damƙa yaro mara ƙarfi a hannun wanda ba a tantance ba. A fara da barga, wata da watanni, wanda ya nuna riƙon amana a matso da shi kusa da yara, kuma kullum da babba a wurin.

Akwai ƙorafin da nake ganin yana da ƙarfi, kuma ba zan kauce masa ba. Za a ce: Malam, yaran nan keken guragu ba su da shi, kuɗin motar zuwa Korle Bu gagarar iyayensu yake, makarantunmu ko gangaren hawa babu, kai kana zancen doki? Gaskiya ne. Dokar naƙasassu ta 2006, wato doka ta 715, ta ba da shekara goma a gyara gine-ginen jama'a yadda mai naƙasa zai iya shiga. Wa'adin ya cika tun 2016, ku zagaya ku ƙirga matakalai. Dokar ta ce dole iyaye su sa yaro mai naƙasa a makaranta, ta kuma hana makaranta ƙin karɓarsa saboda naƙasarsa kawai. Ghana ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin naƙasassu a 2012, aka fito da tsarin karatu tare da kowa a 2015. A kwalejin horar da malamai an karantar da mu duk wannan, muka rubuta a jarrabawa muka ci. Sai ka shiga aji ka tarar da yara cike har bakin ƙofa, kai kaɗai, ba mataimaki. Makarantun musamman irin ta Dzorwulu da New Horizon ta Cantonments suna ƙoƙari, amma nawa za su ɗauka?

Duk da haka ina ganin doki yana da wani aiki da keke ba zai yi ba, shi ne fito da yaran. Akwai wata yarinya a ajina da kusan kullum takan makara. Da na bincika, ashe ita ke yi wa ƙanenta wanka ta ba shi koko kafin ta taho, domin uwar ta fita kasuwa tun asuba. Yaron shekararsa takwas, ban da asibiti bai taɓa wuce ƙofar gida ba. Maƙwabta da yawa ba su ma san da shi ba. Ba ƙiyayya ba ce, kunya ce da gajiya da tsoron bakin mutane. Irin wannan yaro ba ya cikin rajistar kowa, don haka ko keken aka zo rabawa ba za a kira sunansa ba. A al'adarmu kuwa wanda ke bisa doki ba a raina shi. Sarki ne, ko ango, ko mahaddacin da ya sauke. Yaron da kullum ake kallo daga sama yana kwance a tabarma, ranar da ya hau doki shi ne ke kallon mutane daga sama. Uwar da ta ga haka, mako mai zuwa ba sai an roƙe ta ba. Kuma da zarar ta fito, ga mai gashin ƙashi a wurin, ga jami'in jin daɗin jama'a da takardarsa, ga tica. Keken da makarantar daga nan za su biyo.

Ba babban gini nake nema ba, don mun ga yadda manyan gine-gine ke ƙarewa. Doki biyu masu sanyi, yara shida ko takwas, safiyar Asabar kafin rana ta yi zafi, wata shida a gani. Fili ne matsala a Nima, kowa ya sani, amma ga filin Kawukudi, ga harabar makarantun gwamnati da ke zama wayam ranar Asabar. Ga filin folo na Accra kusa da filin jirgi, tafiyar mintuna kaɗan a mota, inda akwai barga da mutanen da suka san doki. 'Yan sanda da sojoji ma suna da rundunonin dawaki, dawakinsu sun saba da taro da ƙara, kuma wanda ya tsufa da faretin sau da yawa shi ne daidai wannan aiki. Tsakanin samarinmu da 'yan sanda dai an san ba a cika ga maciji ba, to ga hanyar da za a haɗu ba a ofishin caji ba. Ba wanda ya yi mana alkawari a cikin waɗannan. Amma wasiƙar da ta fito da hatimin sarakunan Zango da ofishin Babban Limamin ƙasa, Sheikh Usman Nuhu Sharubutu, ba a jefa ta kwandon shara.

Kuɗi fa? Harawa, dusa, magani, hulunan kwano, ɗan abin motar iyaye da alawus na mai gashin ƙashi. Majalisun Ayawaso ta Gabas da Ayawaso ta Arewa, waɗanda Nima da Maamobi ke ƙarƙashinsu, suna karɓar kason naƙasassu daga asusun bai ɗaya na gundumomi, wanda aka fara da kashi 2 cikin ɗari daga baya aka ɗaga shi. Yawanci abin da muke gani shi ne rabon firiza da keken ɗinki ga manya, wanda ba laifi ba ne, amma yaro ɗan shekara shida da ba ya iya zama me zai yi da firiza? Ga kuma Asusun Raya Zango da aka kafa da dokar 2017. In filin ƙwallo mai ciyawar roba ya cancanci kuɗin asusun, yaran da ba za su taɓa buga ƙwallo a kansa ba su ma 'yan Zango ne. Alhazanmu da ke kashe kuɗi wajen hayar dawaki ran biki, da 'yan uwanmu na Jamus da Amurka da ke aiko da gudummawar Sallah, ɗaukar nauyin abincin doki ɗaya na shekara ba zai gagare su ba.

Sharaɗi ɗaya nake roƙo a gindaya tun farko: ban da siyasa da hoto. Kada a tara yaran nan rana ɗaya a ɗora su a doki, babban mutum ya zo ya tsaya a gefe, a watsa a Facebook, a watse. Wannan bara ce aka sake wa riga. Amfanin abin yana cikin maimaitawa, mako bayan mako, da rubuta yadda kowane yaro yake a ranar farko da yadda ya koma bayan wata uku, bayan wata shida. Jami'ar Ghana tana yaye masu gashin ƙashi duk shekara, wasunsu 'ya'yan Zango ne, a nemo su su riƙe wannan littafi. In an duba ba a ga canji ba, a faɗa wa iyaye gaskiya. Hoton yaro kuma ba ya fita sai da yardar uwarsa da ubansa.

Aikin farko ba ya cin ko sidi ɗaya. Limamai su yi sanarwa ran Juma'a, magajiyoyi su shiga gida-gida, domin su ne uwa za ta buɗe wa labule, a rubuta sunan kowane yaro da shekarunsa da abin da ke damunsa, a kai wa asibitin Maamobi a sa ranar dubawa. Masu dawaki kuma su zauna da sarakuna su faɗi tsakani da Allah wanne ne a cikin dawakinsu ba ya harbi.